Asusun Nixon na 1952: Yadda aka gwada gaskiyar ɗan takarar mataimakin shugaban Amurka

Ranar 23 ga watan Satumba na shekarar 1952, wani sanata ɗan shekara 39 daga jihar Kalifoniya ya bayyana a talabijin da rediyo, ya shafe rabin sa'a yana lissafa wa jama'ar Amurka abin da ya mallaka da kuma bashin da ake bin sa.

Sanatan shi ne Richard Nixon, wanda jam'iyyar Republican ta tsayar a matsayin abokin takarar Janar Dwight Eisenhower. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 60 ne suka kalli jawabin ko suka saurare shi, kuma kafin wannan rana babu wani ɗan siyasa da ya taɓa samun masu kallo da yawa haka a talabijin.

Zargin da ake yi masa shi ne cewa wasu attajirai sun buɗe masa asusu a ɓoye suna zuba masa kuɗi. Saura makonni shida a yi zaɓe, kuma manyan jam'iyyarsa da dama sun riga sun yanke shawarar cewa ya kamata ya janye.

Mista Nixon bai janye ba. Har yau masana tarihin siyasar Amurka na komawa ga wannan jawabi duk lokacin da aka tayar da batun gaskiyar ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, saboda ya nuna cewa mutum na iya faɗin abubuwa da dama na gaskiya, amma ya bar ainihin tambayar da aka yi masa ba amsa.

Me ya sa ake damuwa da mataimaki?

Tsarin mulkin Amurka bai ɗora wa mataimakin shugaban ƙasa wani aiki mai yawa ba. Yana shugabantar Majalisar Dattawa, yana kuma kaɗa ƙuri'a ne kawai idan ɓangarori biyu suka yi kunnen doki. Babban aikinsa shi ne jira.

To amma jiran ba na banza ba ne. Shugabannin Amurka takwas sun rasu suna kan mulki, ɗaya kuma ya yi murabus, kuma a kowane karo mataimaki ne ya gaje kujerar. Shugaban da ke mulki a 1952, Harry Truman, ta wannan hanya ya hau, bayan rasuwar Franklin Roosevelt a watan Afrilun 1945, alhali bai cika wata uku yana mataimaki ba.

Janar Eisenhower yana gab da cika shekara 62 a lokacin yaƙin neman zaɓen, kuma shekaru uku bayan haka ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Saboda haka tambaya kan halin abokin takararsa tambaya ce kan wanda zai iya wayar gari yana shugaban ƙasa.

Najeriya, wadda ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979, ta ga haka da idonta a watan Mayun 2010, lokacin da Goodluck Jonathan ya gaji marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Haka ma Gana a 2012, bayan rasuwar John Atta Mills.

Akwai kuma wani dalili. Zaɓen abokin takara shi ne babban hukunci na farko da ɗan takarar shugaban ƙasa ke yankewa a idon jama'a. Idan abokin ya zama mai tabo, to abin da masu zaɓe za su fara tambaya shi ne ko wanda ya ɗauko shi ya san mutane.

Asalin asusun

An zaɓi Mista Nixon zuwa Majalisar Wakilai a 1946, sannan zuwa Majalisar Dattawa a 1950. Ya yi suna ne wajen farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, musamman a shari'ar Alger Hiss, wani tsohon jami'in ma'aikatar harkokin waje. Wannan ya samar masa magoya baya masu yawa, ya kuma samar masa maƙiya masu yawa.

Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Mahaifinsa ɗan ƙaramin kanti da gidan mai yake da su a kusa da garin Whittier. Albashin sanata a lokacin dala 12,500 ne a shekara, kuma gwamnati tafiya ɗaya tak take biya wa sanata zuwa jiharsa da komowa a kowane zangon majalisa. Daga birnin Washington zuwa Kalifoniya kuwa tafiya ce daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan.

Bayan zaɓen 1950, wani lauya mai suna Dana Smith, wanda ya riƙe wa Mista Nixon kuɗin yaƙin neman zaɓe, ya buɗe asusu domin magoya baya su riƙa ba da gudummawa. Manufar ita ce sanatan ya ci gaba da zirga-zirgar siyasa ba tare da jiran lokacin zaɓe ba.

Mutane 76 suka zuba kuɗi, akasarinsu 'yan kasuwar kudancin Kalifoniya, cikinsu har da masu harkar man fetur da dillalan filaye da gidaje. Abin da aka tara ya kai dala 18,235. An kashe kuɗin a kan tikitin jirgi, da kuɗin aika wasiƙu, da buga jawabai, da katunan gaisuwar Kirsimeti da ake aika wa magoya baya.

Babu dokar da ta hana irin wannan asusu a lokacin, kuma ba Mista Nixon kaɗai ke da shi ba. Ba a kuma ɓoye shi yadda aka bayyana daga baya ba, domin Mista Smith ya rubuta wasiƙu yana neman gudummawa, kuma da 'yan jarida suka tambaye shi ya yi musu bayani. Sai dai jama'ar da suka zaɓi sanatan ba su san da shi ba, haka nan Janar Eisenhower bai sani ba lokacin da ya ɗauke shi a babban taron jam'iyya a birnin Chicago cikin watan Yuli.

Labari ya fasu

Ranar 18 ga Satumba jaridar New York Post, wadda ba ta ga-maciji da Mista Nixon, ta buga labarin da babban kanu, tana mai cewa wani asusun sirri na attajirai ne ke sa shi rayuwar da ta fi ƙarfin albashinsa.

Wannan ɓangare na zargin ba gaskiya ba ne, domin ba a taɓa samun shaidar cewa ya ci kuɗin a gidansa ba. To amma labarin ya zo a mafi munin lokaci ga jam'iyyar Republican.

Jam'iyyar Democrat ta shekara kusan ashirin tana mulki, kuma babban makamin 'yan Republican a zaɓen shi ne zargin cin hanci da rashawa a gwamnatin Truman. An yi ta tona yadda wasu jami'ai suka karɓi kyaututtuka, ciki har da injinan ƙanƙara da wata rigar sanyi mai tsada ta gashin dabbar da ake kira mink, wadda aka bai wa matar wani jami'i. Janar Eisenhower ya kira takararsa yunƙurin tsabtace birnin Washington, kuma Mista Nixon ne aka ɗora wa aikin caccakar gwamnati a kan haka. Sai ga shi mai wa'azin ne ake nunawa da yatsa.

Martaninsa na farko bai taimaka masa ba. Yana cikin rangadi a jirgin ƙasa a gaɓar yammacin ƙasar, kuma da wani ya ɗaga murya daga cikin taro yana tambayarsa batun kuɗin, sai ya ce 'yan kwaminis da ɓarayin gwamnati ne ke neman ɓata masa suna saboda ya tona asirinsu. Taron ya yi tafi, amma tambayar tana nan.

Cikin kwana biyu jaridun Washington Post da New York Herald Tribune suka yi kira gare shi da ya miƙa takardar janyewa. Kiran jarida ta biyun ya fi yi masa ciwo, domin ta 'yan Republican ce, kuma masu ita na kusa da Janar Eisenhower ne.

Shi kuwa Janar ɗin shiru ya yi. Ya shaida wa 'yan jaridar da ke tafiya tare da shi cewa babu amfanin yaƙi da rashawa idan su kansu ba su fita tsaf ba. Sai daren 21 ga wata ya kira abokin takararsa a waya, yana birnin Portland na jihar Oregon. Bai ce masa ya janye ba, bai kuma ce yana tare da shi ba. Abin da ya ce shi ne ya je ya yi wa ƙasa bayani, sannan a ga yadda jama'a za su karɓa.

Kwamitocin jam'iyyar suka haɗa dala 75,000 suka sayi rabin sa'a a talabijin da rediyo, wato fiye da ninki huɗu na kuɗin da ake rigima a kai. Ana dab da fara shirin, gwamnan jihar New York, Thomas Dewey, ya bugo waya ya ce manyan mashawartan Janar Eisenhower na son ya rufe jawabin da sanarwar janyewa. Mista Nixon ya ƙi gaya masa abin da zai yi.

Rabin sa'a a Hollywood

An watsa jawabin ne daga wani gidan wasan kwaikwayo mai suna El Capitan a unguwar Hollywood ta birnin Los Angeles. Babu 'yan kallo a zauren. An shirya dandalin kamar ɗakin karatu na gida, matarsa Pat tana zaune a kujera a gefe.

Ya fara da kafa ma'auni da kansa. Ya ce asusun zai zama laifi idan ya kashe wani abu daga ciki a kan buƙatun kansa, ko idan an tafiyar da shi a ɓoye, ko kuma idan waɗanda suka ba da kuɗin sun samu wata alfarma ta musamman. Ya ce babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya faru.

Daga nan ya kawo rahoton kamfanin binciken kuɗi na Price Waterhouse, da ra'ayin wani kamfanin lauyoyi na Los Angeles, waɗanda suka ce bai amfana da kuɗin a karan kansa ba, kuma bai karya doka ba.

Sai ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya shiga lissafa dukiyarsa ɗaya bayan ɗaya: mota ƙirar Oldsmobile ta 1950, da gida a Washington da ya saya dala 41,000 wanda ake bin sa dala 20,000 a kai, da wani ƙaramin gida a Whittier da iyayensa ke zaune a ciki, shi ma da bashi a kansa, da inshorar rai ta dala 4,000. Ya ce wani banki a Washington na bin sa dala 4,500, iyayensa na bin sa dala 3,500, kuma ba shi da hannun jari a kowane kamfani.

Ya ce matarsa ba ta da rigar mink, rigar sanyi ta yadi take sawa. Kowa ya gane inda wannan magana ta dosa.

Sannan ya zo kan abin da ya sa wa jawabin suna. Ya ce akwai kyauta ɗaya da ya karɓa bayan an tsayar da shi takara: wani mutum a jihar Texas ya ji cewa 'ya'yansa mata biyu na son kare, sai ya aiko musu da ɗan kwikwiyo mai dabbare-dabbaren baƙi da fari. 'Yarsa Tricia, mai shekara shida, ta raɗa masa suna Checkers. Ya ce duk abin da za a faɗa, ba za su mayar da karen ba.

Wanda bai san matsayin kare a gidan Ba'amurke ba zai yi mamakin yadda wannan ya shiga jawabin kare kai daga zargin kuɗi. A can, ana ɗaukar kare kamar ɗan gida, kuma raba yara da karensu alama ce ta rashin imani. Babu wanda ya taɓa zargin Mista Nixon a kan kare. Shi ne ya ƙirƙiro zargin domin ya amsa shi, ya kuma nuna masu sukarsa a matsayin mutanen da ba su da tausayi. Dabarar ma aro ce, domin shugaba Roosevelt ya yi irinta da karensa Fala a yaƙin neman zaɓen 1944.

Bai tsaya a kare kai ba. An riga an gano cewa ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat, gwamna Adlai Stevenson na jihar Illinois, shi ma yana da asusun da yake ƙara wa wasu jami'ansa albashi daga ciki, kuma abokin takararsa, sanata John Sparkman, ya sa matarsa cikin ma'aikatan ofishinsa masu karɓar albashi. Mista Nixon ya ƙalubalance su da su fito su bayyana dukiyarsu kamar yadda ya yi.

Wannan kira ya shafi Janar Eisenhower ma, ko da yake ba a ambaci sunansa ba. Hukumomi sun yi masa sassaucin haraji a kan ɗimbin kuɗin da ya samu daga littafin da ya rubuta kan yaƙin duniya na biyu, kuma ba batu ne da yake son a tayar ba.

A ƙarshe, maimakon ya bar hukunci a hannun Janar ɗin, sai ya roƙi jama'a su aika ra'ayinsu ga kwamitin jam'iyya na ƙasa, inda ya san yana da masoya. Lokaci ya ƙare yana cikin magana, kuma ya bar dandalin yana zaton ya gaza.

Bai gaza ba. Wasiƙu da saƙonnin tangaraho da kiran waya suka yi ta kwarara, kusan dukkansu na goyon bayansa. Washegari Janar Eisenhower ya tarbe shi a filin jirgin sama na Wheeling a jihar West Virginia, ya sanar cewa suna tare. Ranar 4 ga Nuwamba suka lashe zaɓen da ƙuri'un wakilan masu zaɓe 442, abokan hamayyarsu na da 89.

Abin da ya amsa da abin da ya kauce wa

Idan ana maganar alƙaluma, jawabin ya tsaya da ƙafafunsa. Masu tarihi, har da waɗanda ba sa ƙaunar Mista Nixon, sun yarda cewa bai mayar da kuɗin asusun aljihunsa ba, kuma lalle a 1952 ba mai arziki ba ne. Jaridar da ta fara buga labarin ta yi ƙari.

To amma daga cikin sharuɗɗa ukun da ya gindaya, na farko ne kawai masu binciken kuɗi za su iya tabbatarwa. Littafin lissafi na iya nuna inda dala ta shiga, ba ya iya nuna ko sanata na jin nauyin wanda ya biya masa kuɗin jirgi. A nan babu wata shaida sai maganar bakinsa.

Ainihin abin tambaya shi ne ko ya dace ma'aikacin jama'a ya karɓi tallafi na dindindin daga 'yan kasuwar da dokokin da yake kaɗa wa ƙuri'a ke shafar dukiyarsu. Magoya bayansa sun ce ra'ayinsa da nasu dama ɗaya ne tun kafin asusun, don haka ba sayen sa aka yi ba. Masu sukarsa sun ce ko da haka ne, jama'a na da haƙƙin sanin wanda ke biya. Mista Nixon ya ɗauki mintuna kaɗan a kan wannan, ya ba da sauran lokacin ga talaucin iyayensa, da aikin sojan ruwa da ya yi, da rigar matarsa.

Har a ƙananan abubuwa an ga yadda yake lanƙwasa magana domin ta yi daɗi. Ya ce an haifi matarsa a ranar bikin waliyyi Patrick, wadda 'yan asalin ƙasar Ireland ke girmamawa, wato 17 ga Maris. An haife ta ne ranar 16 ga wata. Wannan ba abin a kai kotu ba ne, amma ya fito ne a jawabin da aka yi domin tabbatar da gaskiya.

Akwai kuma batun haraji. Bayan ƙalubalen da ya yi, gwamna Stevenson da sanata Sparkman sun fitar da takardun harajinsu na shekara goma. Janar Eisenhower ya fitar da taƙaitaccen bayani. Mista Nixon, wanda ya tayar da zancen, bai fitar da nasa takardun ba, ya ce abin da ya faɗa a talabijin ya isa.

Shekaru ashirin da biyu bayan haka, a 1974, yana shugaban ƙasa, hukumar haraji ta gano cewa ana bin sa fiye da dala 400,000 na harajin da bai biya ba.

Dangantakarsa da Janar Eisenhower ba ta taɓa warwarewa sosai ba. Janar ɗin bai manta an ƙwace masa hukunci a bainar jama'a ba, kuma a 1956 ya ba shi shawarar ya bar kujerar mataimaki ya karɓi muƙamin minista. Mista Nixon kuma bai manta an bar shi kwanaki a rataye ba.

Duk da haka jawabin ya bar al'ada. Daga lokacin, bayyana dukiya ya zama hanyar da ɗan takarar da ake zargi ke bi domin tsira. A 1984 Geraldine Ferraro, mace ta farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar mataimaki, ta shafe fiye da sa'a guda tana amsa tambayoyin 'yan jarida kan kuɗinta da na mijinta, bayan sun biya bashin haraji na sama da dala 50,000. Ta ci gaba da takara, amma rigimar ta cinye musu makonni.

Wanda bai ci kuɗin kowa ba

Shekaru ashirin bayan jawabin Checkers, irin wannan jarrabawa ta faɗa wa jam'iyyar Democrat, kuma Mista Nixon ne ya ci gajiyarta.

A watan Yulin 1972 sanata George McGovern ya samu tikitin jam'iyyar a Miami Beach domin ƙalubalantar shugaba Nixon. Manyan 'yan jam'iyya da dama sun ƙi amsa tayin zama abokin takararsa, kuma ana dab da rufe karɓar suna ya kira sanata Thomas Eagleton na jihar Missouri, ɗan shekara 42. Wani mataimakin Mista McGovern ya tambaye shi a waya ko akwai wani abu a tarihinsa da zai iya jawo musu matsala. Ya ce babu.

Ashe an taɓa kwantar da shi a asibiti sau uku, a 1960 da 1964 da 1966, saboda ciwon damuwa mai tsanani, kuma sau biyu an yi masa jinyar da ake amfani da wutar lantarki a ƙwaƙwalwa. Da 'yan jarida suka gano, shi da kansa ya fito ya tabbatar ranar 25 ga Yuli.

Mista Eagleton ya ce bai yi ƙarya ba, domin shi bai ɗauki rashin lafiya a matsayin abin kunya da ake ɓoyewa ba, kuma ya warke. Maganarsa tana da nauyi. Ciwo ba laifi ba ne, kuma ba a taɓa zarginsa da cin amanar kuɗi ba. Wani fitaccen ɗan jarida, Jack Anderson, ya ƙara masa da zargin cewa an sha kama shi yana tuƙi cikin maye, amma ya kasa kawo shaida, daga baya ya janye ya nemi gafara.

Sai dai an yi wannan ne a zamanin da ake tsangwamar masu ciwon ƙwaƙwalwa ƙwarai, kuma ana tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da kowa ke tunanin wanda zai riƙe ikon harba makaman nukiliya. Da wuya a ce ɗan siyasa mai gogewa kamarsa bai san cewa labarin zai girgiza takarar ba. Ya san abin da ake nufi da tambayar, ya amsa ta bisa fassarar da ta fi masa sauƙi.

Mista McGovern ya fara da cewa yana bayansa kashi dubu cikin ɗari. Ranar 31 ga Yuli, Mista Eagleton ya janye bisa buƙatarsa, bayan kwana 18 kacal a kan tikiti. Aka maye gurbinsa da Sargent Shriver.

Abin ban mamaki shi ne, a ƙarshe gaskiyar Mista McGovern ce jama'a suka fi yi wa shakka. Mutumin da ya gina takararsa a kan cewa shi ba irin sauran 'yan siyasa ba ne, ya yi alƙawari a bainar jama'a ya karya cikin mako guda. A watan Nuwamba ya sha kaye a jihohi 49 daga cikin 50, ko da yake dama ba a sa ran zai ci zaɓen ba. Shi kuwa Mista Eagleton, mutanen Missouri sun sake zaɓensa a 1974 da 1980, ya zauna a Majalisar Dattawa har 1987.

Tun daga wannan lokaci jam'iyyun biyu suka daina ɗaukar abokin takara da kiran waya ɗaya. Akan sa lauyoyi su shafe makonni suna duba takardun haraji da na asibiti da duk abin da mutum ya taɓa faɗa ko rubutawa, kafin a bayyana sunansa.

Wanda ya wuce ba a kama shi ba

Yayin da ake tankaɗe da rairayar Mista Eagleton a 1972, mutumin da ke riƙe da kujerar mataimakin shugaban ƙasa yana karɓar cin hanci, kuma babu wanda ya tayar da zancen.

Mista Nixon ya ɗauki Spiro Agnew, gwamnan jihar Maryland, a matsayin abokin takara a 1968. Ana dab da zaɓen wannan shekara jaridar New York Times ta yi sharhi tana tambaya kan wasu harkokinsa na filaye da na banki. Mista Agnew ya musanta, Mista Nixon kuma ya kira sharhin siyasar ƙazanta. Jaridar ta hango hayaƙi, amma ba ta gano inda wutar take ba.

Mista Agnew ya yi suna wajen wa'azin bin doka da oda, da zagin 'yan jarida da masu zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam. An zaɓe su a 1968, aka sake zaɓensu a 1972.

A 1973 ne masu gabatar da ƙara na tarayya a birnin Baltimore, waɗanda ke binciken wasu 'yan kwangila, suka gano cewa injiniyoyi sun riƙa ba shi kaso daga kwangilolin gwamnati tun yana shugaban gundumar Baltimore, har ya zama gwamna, kuma an ci gaba da kai masa kuɗi a ambulan bayan ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Ya shafe makonni yana cewa ƙarya ake yi masa, kuma ba zai sauka ba. Ranar 10 ga Oktoban 1973 ya yi murabus, ya bayyana a kotu, inda ya zaɓi kada ya ƙalubalanci tuhuma guda ta ƙin biyan haraji. An ci shi tarar dala 10,000, aka kuma yi masa ɗaurin talala na shekara uku.

An naɗa Gerald Ford a madadinsa bisa gyara na 25 na tsarin mulki. Wata goma bayan haka, ranar 9 ga Agustan 1974, shugaba Nixon ya yi murabus saboda abin kunyar Watergate, Mista Ford ya zama shugaban ƙasa ba tare da an taɓa zaɓensa a kujerar shugaba ko ta mataimaki ba.

A 1981 wata kotu a Maryland ta umarci Mista Agnew ya mayar wa jihar dala 147,500 da ya karɓa a matsayin cin hanci, tare da kuɗin ruwa. A 1983 ya biya kusan dala 270,000.